Injin da Ya Fi Ƙarfin Motarsa

Ranar da Hambali ya tayar da injin, sai da kajin da ke kiwo a bayan garejinsa na Kura suka watse. Wani gurnani ne mai kauri, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Ya tsaya yana saurare, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Tun da ya fara kanikanci bai taɓa haɗa abu mai kyau kamar wannan ba, kuma abin da ya hana shi murna ke nan.

Motar ta surukinsa ce, Alhaji Jaji, mahaifin matarsa Saude, manomin tumatir a filayen noman rani na wajen Bunkure. Tsohuwar a-kori-kura ce da ta sha duniya. A kan titi ba ta da laifi, amma akwai wani hawa a bakin babban kanal, inda hanyar gona ke ɗagawa ta hau gada, wanda kullum yake kunyata ta. In da kaya a bayanta, tana kaiwa tsakiya sai ta yi tari ta mutu. A sauke kwanduna, a tura, a sake lodi, rana tana ta dukan tumatir. Bara ba sau ɗaya ba manyan motocin Kudu suka cika a bakin titin Zariya suka tafi, Alhaji yana can yana fama da hawa. Shi ya sa ana gama dashe ya aiko da motar, ya ce shi ba gudu yake so ba, ƙarfin ja yake so.

Hambali ya ba aikin ransa. Ya yi ta sintiri a wurin 'yan gwangwan a Kano har ya samo injin wata mota da ta fi wannan girma, wadda aka murƙushe ta baya. Ya sauya masa fistin da ringi, ya kai kan injin aka ɗan shafe shi don matsi ya ƙaru, ya yi ta lallaɓa kafireto, mai haɗa fetur da iska, har inji ya koyi ba da ƙarfi tun kafin a taka totur sosai. Sai da ya zo ƙafar baya sannan ya ga matsala. Ya zaro sandunan ƙarfen nan biyu masu juya tayoyi, waɗanda kanikawa ke kira shaf, ya wanke su da fetur, ya ga haƙoran na dama sun cinye, har ƙarfen ya ɗan murɗe. Tsohon injin rago ne, ba shi da ƙarfin karya shi, amma sabon yana da shi. Shekarun tsuke bakin aljihu ne kuma, sabon kaya ya ɓace daga kasuwa, mai tsoho ya rungume abinsa. Ya zaga duk inda ya sani bai samu ba, ya mayar da tsohon ya ɗaure.

Maganar gajera ce: kada a ɗora mata fiye da abin da ta saba ɗauka, sai an samo shaf. Da wani ne mai motar, da Hambali ya faɗa masa yana goge hannu. Amma Alhaji Jaji ne, mutumin da Hambali bai taɓa kallon tsakar idonsa ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba.

Ya kai motar da la'asar. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya tsugunna a gefen tabarmar da Alhaji ke zaune da abokan hirarsa.

"Baba, an gama."

"Ai tun daga kwana na jiyo ta. Madalla! Yanzu za ta hau?"

"Za ta hau, Baba, in Allah ya yarda. Sai dai a riƙa bin ta a hankali."

Alhaji ya yi dariya, ya dubi dattawan. "Kun ji shi ko? Kullum haka yake, ba ya son a yabe shi."

Hambali ya buɗe baki, ya ji idanun dattawa a ƙeyarsa. Ya za a yi ya ce wa uban matarsa, a gaban mutane, motarka ruɓaɓɓiya ce? Sai ya ce, "Haka ne, Baba."

Sai ya bi ta hanyar da surukai ke bi. Ya gaya wa Saude cewa ƙarfen ƙafar baya ya gaji. Saude ta je gida ta gaya wa Iya, mahaifiyarta, cewa motar Baba tana son lallami. Iya kuma ta jira sai da Alhaji ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta ce yaron nan ya ce a riƙa yi wa motar addu'a. Washegari aka rataya laya a madubi. Saƙo ya isa, an kuma yi aiki da shi.

Mutum ɗaya ya iya gaya wa ƙiri-ƙiri, Bilya, ƙanin Saude, wanda shi ke tuƙa motar. Ya ja shi gefe ya zayyana masa komai.

"Yaya Hambali, ni zan ce wa Baba a rage kaya? Cewa zai yi ragwanci ke damuna. Kai ne bakanike, naka zai ji."

"Wallahi na gwada, bakina ya ƙi."

"To ni nawa ma haka."

Suka tsaya suna kallon tayar baya, manyan maza biyu.

Zafi ya shigo da wuri a shekarar, tumatir ya nuna gaba ɗaya. Ranar tsinka Hambali ya rufe gareji, ya ɗaura akwatin kayan aiki a babur ya tafi gonar, don zaman ya gagare shi. Ya tarar kwanduna jere a bakin hanya, an lulluɓe su da ciyawa, sun fi abin da ya zata nesa ba kusa ba. Ashe duk makonnin nan Alhaji yana ta cika baki da aikin surukinsa, har ya yi wa maƙwabtansa na gona alkawarin kai musu nasu. Aka jera sahun farko, aka gicciya katako, aka ɗora na biyu, aka sake gicciyawa. Hambali yana kallon bayan motar yana sauka kamar jakin da aka yi wa mangala biyu.

Malam Gidaɗo, wani dattijo da ɗan filinsa ke jikin na Alhaji, ya tsaya da kwandunansa yana shakka. Alhaji ya ɗaga murya.

"Hambali, zo ka gaya wa Malam. Injin nan zai ja ko ba zai ja ba?"

Hambali ya tsugunna. Da an tambaye shi ƙafar baya, da wataƙila ya samu hanya. Amma inji aka tambaya.

"Injin zai ja, Baba." Ya tattaro duk ƙarfin halin da Allah ya ba shi. "Ko da za a yi sawu biyu..."

"Sawu biyu? Motocin Kudu za su zauna jiranmu ne? Ku ɗora na Malam."

Kuma gaskiyar Alhaji ce, ba za su jira ba. Aka ɗora.

Bilya ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali, fuskarsa duk gumi. Mota ta ɗauki hanya ba ko gardama. Ta kama hawan, inji yana gurnaninsa, ta zo daidai inda ta saba mutuwa ta wuce abinta. Leburori suka ɗauki sowa. Har Hambali, Allah ya sani, sai da wani daɗi ya tsarga masa. Saura ƙiris ta hau gada tayar dama ta faɗa wani ɗan rami da ruwan kanal ya zaizaye. Motar ta tsaya cak. Tsohon inji da nan zai mutu, a sauke kaya a tura. Wannan bai mutu ba. Bilya ya ƙara taka totur kaɗan, inji ya ba da duk abin da Hambali ya zuba masa.

Ƙas!

Inji ya yi kuwwa, taya ba ta motsa ba. Motar ta fara silalowa da baya, birki ya kasa riƙe nauyin, mutane suna ihu suna jefa duwatsu ƙarƙashin tayoyi, har ta karkace ta zauna da gindi a gefen hanya. Kwandunan sama suka kife, tumatir ya gangara cikin kwata.

Hambali ya shiga ƙarƙashinta don dai a ga ya shiga. Ruwan tumatir yana ɗigo masa a wuya ta tsakanin katako. Babu shaf a Kura, babu a Kano, shi ya fi kowa sani. Aka aika neman jakuna, aka tarar duk an yi hayarsu. Motar ta tare hawan, ba wata da za ta iya ratsowa. Rana ta take tsaka, kwanduna suka fara tsami, ƙudaje suka taru. Bayan azahar wani mai keke ya zo daga bakin titi ya ce motoci sun cika sun tafi. Aka aika gida mata su zo da wuƙaƙe, a yanka abin da bai lalace ba a shanya kauɗa. Malam Gidaɗo ya zauna kusa da kwandunansa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Sai a lokacin Alhaji ya yi magana, kuma a kan ɗansa ya sauke.

"Kai ka karya ta! An ce a bi ta a hankali, a gabana aka faɗa. Mutum ya ɓata wata da watanni ya haɗa inji, ka zo ka tattake shi kamar kana kashe maciji. Ka ji kunya, Bilya. Ka kunyata ni a gaban maƙwabtana."

Bilya ya ɗago kai ya dubi Hambali, ya daɗe yana dubansa. Hambali yana tsugunne a cikin taɓo, maganar shaf tana nan a ransa. In ya faɗe ta yanzu, ya ce wa Alhaji a gaban jama'a shi ya yi lodin da ya karya motarsa, ya kuma ce shi Hambali ya sani tun farko ya yi shiru. Tausayin Bilya ya kama shi har idonsa ya yi ja, amma sai ya kau da kai.

Alhaji ya miƙa hannu ta taga ya zare makulli. Ya tako har inda surukinsa yake, muryarsa ta yi laushi.

"Kai naka aikin ya yi kyau, ɗana, kowa ya gani. In ka gyara ta, kai za ka riƙa tuƙa ta. Wannan ba zai sake taɓa min mota ba."

Bilya ya juya ya bi gefen kanal a ƙasa. Hambali ya miƙa hannu biyu ya karɓi makullin.

"Na gode, Baba," in ji shi.