Tankin da Aka Hana Magani

Aliya ta ɗaga murfin tanki na uku tana neman gawa, ba ta ga ko ɗaya ba. Jatan landen suna ta yawonsu lafiya lau, ruwan kuwa ya yi ja kamar shayi. Ta tsoma yatsa ta sansana. Bagaruwa ce. Ita kuwa ba ta zuba ba.

Tun da aka fara rufe gadojin kogin Nil a kai a kai, zuwa kwalejinsu a Omdurman ya zama sai an yi sa'a. Shi ya sa ta kwaso tankunan binciken digirinta na biyu ta jera a ɗakin ajiya na gidansu a unguwar Alsahafa ta Khartoum. Duk jatan landen an sa musu cutar farin ɗigo, wadda ke yi wa masu kiwo a bakin teku ɓarna. Tanki biyu tana yi musu magani da ruwan bagaruwa, na ukun dole a bar shi haka nan. Sai na cikinsa sun mutu sauran sun rayu za a yarda maganin ne ya yi aiki. In ba haka ba babu digiri, ga wa'adinta ƙarshen wannan wata.

Ba ta sha wahalar neman mai laifi ba. A gidan nan mutum ɗaya ce ko kyanwar maƙwabta ta yi atishawa sai ta jiƙa mata wani abu.

"Yumma, ke kika zuba garad, bagaruwar nan, a tankin can?"

Hajaratu, mahaifiyarta, tana tsakar gida tana suyar gahawa a kan gawayi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni ce. Tun ranar da na ga sun daina ci nake zubawa, kullum bayan asuba."

"Na ce miki waɗannan ba a ba su."

"Kin faɗa, ni ban ce na yarda ba. Magani yana hannunki, halittar Allah tana wahala, ki zauna da biro kina jira ta mutu? Ba a gidana ba, ya bitti, 'yata."

Aliya ta juya cikin takaici. Ta koma ɗakin ta kira malaminta, Dakta Mahir, wanda tun safe yake maƙale a bakin gada. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya rage murya.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Aliya. Wa ya gani? Kowa ya san jambari, jatan lande, mai wannan cuta mutuwa yake yi. Rubuta sun mutu, kalas."

Ta dubi tankin. Wani ƙato ya rungume abinci yana ci, babu abin da ya dame shi.

"Dakta, ga su a gabana suna ci. Ba zan kashe su a takarda ba. Gobe mai kiwo zai karanta ya ɗauka gaskiya ce."

"Wa'adin fa?"

"Zan nemi ƙari. In sun hana, su hana. Zan sa a kawo wasu daga Bur Sudan, can bakin teku, in sake daga farko."

Ya ce bai taɓa ganin ɗaliba mai taurin kai irinta ba. Da ya san uwarta, da bai yi mamaki ba.

Da la'asar ta shiga kasuwar unguwa ta sayo kwaɗon ƙofa mafi girma da ta samu. Da hannunta ta buga ƙarfen a ƙofar ɗakin ajiya, ta datse, ta rataya makullin a wuya. Tsoron rasa digirin bai sake ta ba, amma ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Hajaratu ta gama kallonta tsaf, ta tsiyaya gahawa a finjali ta miƙa mata.

"Masha Allah, ƙato ne kuwa," in ji ta. "Tagar fa, ita ma kin sayo nata?"