Awa Biyar Da Baba Ya Yi A Kwance

Shekara shida ina leƙen ƙwaƙwalwar ɓera a ɗakin bincike, har ƙannena suka laƙaba min Likitar Ɓeraye. Mukan toshe wa ɓera jijiyar jini, mu ga abin da zai sami mitokondiriya, wato 'yan murhunan da ke cikin kowace ƙwayar halitta suna ba ta ƙarfi. In jini ya yanke, murhun ya fara mutuwa. Abin haushin ma, in jinin ya dawo a makare, sai murhun ya kumbura ya fashe, ya sa ƙwayar ta kashe kanta. Na san wannan kamar yunwar cikina.

Ranar Talata da safe kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba, bakinsa ya ɗan karkace. Mama ta ce gajiya ce, mutumin da ya wuni jiya a tsaye yana gyaran kekunan ɗinki. Ta shafa masa man zafi, ta lulluɓe shi, ta hana jikoki hayaniya. Ba ta kira ni ba sai azahar, wai kada ta ɗaga min hankali a wurin aiki. Ji fa!

A asibiti aka ga jijiyar jini ce ta toshe masa a ƙwaƙwalwa, aka buɗe ta. Baba ya farfaɗo, ya matse hannun Mama, har ya ce ruwa. Dangi suka hau hamdala, ƙanina yana ta buga waya yana shelar an samu sauƙi. Ni kuwa na shige banɗaki na yi kuka na ƙoshi, don na san ɓarnar ba ta gama ba. Kafin kwana uku ko ruwan ya daina iya cewa. Likita ta nuna min hoton ƙwaƙwalwarsa, kallo ɗaya na yi masa na gane.

Mama ta same ni a baranda, tawul ɗin goge masa baki a hannunta.

"Ke kika yi karatun nan. Da na kawo shi da safe, da ya tashi?"

Wallahi na ji haushinta, na kuma ji tausayinta kamar zuciyata za ta tsage.

"Da duk ɗaya ne, Mama."



"Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba," in ji ta.

Ta koma ciki. Ta taga na hango ta durƙushe a gefen gado, tana ba shi haƙuri a kunne.