Hasken da Ke Cikin Ƙashin Nomau

Na'urar ɗaukar hoto ta asibiti ta fara zagaya Nomau a hankali, ta tsaya, ta gusa, ta sake tsayawa. Matarsa Hansai tana leƙe daga bakin ƙofa. Shekaru ya yi yana haƙar ma'adinin yuraniyom a Arlit kafin kasuwa ta faɗi a sallame shi, asibitin da yake zuwa kuwa kullum cewa suke sanyi ne ke cin ƙashinsa. Sai da suka biyo rakiyar sojoji, saboda 'yan tawaye, suka iso babban birni.

"Ba na'urar ke haska shi ba, Inna," in ji likita Fadimata. "Allurar da muka yi masa ce ke fitar da hasken da ido ba ya gani, tana kuma taruwa inda ciwo yake. Na'urar ta dube shi ta kowane gefe, ta haɗa mana hoton jikin yanka-yanka, kamar burodi."

A kan allo, ƙashin bayansa ya fito da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Likita ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin alƙalami, tana ƙirgawa. Hansai ta gane ciwon ba na tashi ba ne.

"Yau kaɗai kada ya ɗauki yaro," in ji likita, "gobe hasken ya mutu. A gida kuna da ƙarfen da ya fito daga mahaƙa? Shi ma yana fitar da irin hasken, nasa kuwa ba ya mutuwa."

"Mi za mu yi da shi, ɗiyata?"

Ba ƙarya ta yi ba. A wurinta, abin da maƙeri ya ƙera mata da tsohuwar gangar kamfanin mahaƙar ya daɗe da zama tukunya.

*

Da suka koma Arlit, Hansai ta ja tabarmarsa can ƙarshen tsakar gida. Jikarsu Mina ta rarrafo wajensa, ta sure ta.

"Kwana guda lokotoro ta ce, Hansai. Miƙo mini amaryata in ji nauyinta."

"Ni na ga hasken da idona, Malam. Wutar da ta shiga ƙashi ce za ta fita kwana guda? Likita nawa suka ce maka sanyi ne?"

Ya mayar da hannun da ya miƙa.

Haka aka tafi har damina ta sake ƙin zuwa. Ranar da zama ya gagare shi, yana kwance yana hangen su: Mina a cinyar kakarta, ta zura hannu cikin tukunyar, tana kankarar ƙanzo tana kai wa baki.