Fankar da Ba ta Juyawa

Inna ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, alhali autarta ce ke tuƙa shi. Sai da matar babban ɗanta ta haihu a can nesa, sannan Auta ta shawo kanta.

Ana gobe tafiya, suna ninke kaya, Auta ta ba ta labarin yadda kamfaninsu ke tsimin mai: an cire mujallu, an sauya kujeru da marasa nauyi, ko tankin ruwa ba a cika shi.

"Duk abin da ya ƙara nauyi, Inna, mai yake sha."

Da Auta ta fita, sai Inna ta zazzage rabin jakarta. Bargon jariri kawai ta ƙi ajiyewa.

A jirgi an ba ta kujerar taga, daidai fiffike. Ta ɗaura bel, jirgi ya fara gangarawa a hankali. Can ta lura babbar fankar da ke gefenta tsaye take cak. Ta dubi mutane, kowa na harkarsa.

Ta yafito ma'aikaciyar jirgin, wata doguwa mai fara'a, ta jawo ta kusa.

"'Yata, je ki raɗa wa direba cewa fankar nan ba ta juyawa. A kunne fa, kada kowa ya ji. Yarinya ce, abubuwa sun yi mata yawa."

Ma'aikaciyar ta durƙusa gefenta. "Mama, da gangan ne. A ƙasa inji ɗaya ya ishe mu tafiya, sai a hutar da ɗayan don kada ya sha mai a banza. Kafin mu tashi za ta kunna." Ta ƙara kallonta. "Ke ce mahaifiyar Kyaftin? Hancin iri ɗaya."

"Ni ban ce ba," in ji Inna, tana gyara mayafi.

Ba a jima ba fankar ta motsa, ta juya, har ta ɓace wa ido. Muryar Auta ta fito ta lasifika, a natse, tana yi wa fasinjoji maraba. Inna ta rungume bargon. Muryar da ta sha kiranta daga banɗaki saboda ta ga kyankyaso, yau ita ce mutane suka yi tsit suna saurare. Ta share ido da gefen mayafi.

Da suka sauka, kowa ya fita, Auta ta zo da hularta a hannu ta durƙusa.

"Inna, yaya hanya?"

Inna ta miƙa hannu ta daidaita mata wuyan riga.

"Kin iya. Amma ki riƙa rage gudu in za ki sha kwana."