Tayoyin da Suka Ƙi Fitowa

Uwaisu mutumin Aujara ne, ma'aikacin lafiya a Dutse. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa shi ake aikawa Legas ɗauko magungunan da ba sa son zafi. Sau biyu a wata yakan bar gidansa a Yalwawa, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga jirgi. Babu wahalar da bai sha ba. Ya taɓa wuni biyu a kan benci ana ce musu jirgi na hanya. Ya taɓa yin tsere da tikiti a hannu don ya sami kujera, har babbar rigarsa ta yage a matakala. Jakarsa ma ta taɓa zuwa Fatakwal ba shi.

A daminar 1997 macizai suka addabi manoman Jahun, aka tura shi ya kawo maganin sara, kwalba arba'in cikin akwatin ƙanƙara. Jirgin dawowa da aka ce zai tashi ƙarfe takwas bai ɗaga ba sai sha biyu. Uwaisu ya ajiye akwatin tsakanin ƙafafunsa.

Da suka iso saman Kano ya hango Dala, ya kasa kunne. Ya san ƙarar da tayoyi ke yi in sun fito, wani gum a ƙarƙashin ƙafa. Sai ya ji wani gurnani, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Jirgin ya ƙara sama. Dala ta sake wucewa ta tagarsa.

Kowa na ta hirarsa, shi kaɗai gumi ya karyo wa.

Can direban jirgin ya yi magana da Turanci. Dattijon da ke gefensa, wani ɗan kasuwar fata mai suna Alhaji Arzika, ya taɓa shi.

"Ɗana, me yake cewa?"

"Baba, tayoyin gaba ne suka ƙi fitowa. Za mu yi ta zagayawa har mai ya ragu."

"Don me sai ya ragu?"

"Saboda wuta."

Alhaji Arzika ya zaro carbi. Daga baya wata mata ta fara salati, wasu suka kama. Ma'aikaciyar jirgi ta bi layi tana cewa a cire takalma da tabarau. Da ta zo kan Uwaisu ta nuna akwatin.

"Wannan ba zai zauna nan ba."

"Magani ne, 'yar'uwa. Mutane na kwance suna jira."

"In ya tashi zai fasa kan wani," in ji ta. Sai ya sakar mata.

Kusan sa'a guda suna zagaye. Ya hango motocin kashe gobara sun jeru a bakin titin jirgi, ƙanana kamar ƙwari. Ya so ya yi kalmar shahada, sai sunan matarsa Zulaihatu ke ta zuwa masa. Aka ce kowa ya sunkuya ya riƙe kansa.

Tayoyin baya suka dira lafiya. Sannan hancin jirgin ya faɗi. Ƙarar ƙarfe a kan kwalta ta cika kunnuwa, haƙoransa suka datse masa leɓe, warin ƙuna ya shigo. Jirgin ya yi ta jan ciki har Uwaisu ya fid da rai, sannan ya tsaya a karkace.

Bai san yadda ya fita ba. Ya dai tsinci kansa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ba takalmi, riƙe da hannun Alhaji Arzika. Ba wanda ya mutu.

Sai bayan la'asar aka miƙo masa akwatin. Ƙanƙara ta narke, kwalba shida sun fashe, amma sauran da sanyinsu. Ya sayi silifa a bakin tasha ya wuce Jahun kai tsaye. Likita ya tambaye shi abin da ya tsare shi, ya ce jirgi ne ya yi latti.

Washegari Zulaihatu ta miƙa masa kofin koko, ya kasa riƙewa. A nan ya gaya mata abin da ya faru. Ya rubuta takarda a canja masa aiki, mai gidansa a ofis ya ce ya ƙara haƙuri, ba wanda ya san hanyar kamarsa.

Wata huɗu aka yi kafin a sami wanda zai canje shi. Cikin wannan lokaci sau bakwai ya sake hawa jirgi, kuma duk jajiberin tafiya sai ya je Aujara ya zauna wurin mahaifiyarsa, Iya, ya roƙi gafararta. Ta tambaye shi laifin me ya yi, ya ce ba komai.