Kukan Jirgi Daga Tsallaken Kogi

Shagona yana bayan tashar garinmu, a jihar Akita. Ƙananan jiragen ƙasa nake sayarwa, irin waɗanda manya suke shimfiɗa wa dogo a kan tebur su zauna suna kallo. Amma an fi sanina da sa musu murya. Ina buɗe kan jirgi, in dasa masa lasifikar da ba ta kai farce ba, in zuba mata kukan ainihin jirgin da aka kwaikwaya, domin kowane kan jirgi da irin hon ɗinsa.

Wata safiya Fusae-san, kamar yadda muke kiranta cikin girmamawa, ta shigo da ƙunshi a hannu. Matar Gonda Tokuzo ce, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi rayuwarsa a layin dogon da ya ratsa kwarinmu kafin a rufe shi. Ta kwance ƙyallen, sai ga ɗan jirgi ja, fentinsa ya goge a inda yatsu suke yawan taɓawa.

"Kurahashi-san, tsohon nan zai kashe ni da mita," in ji ta. "Tun da ciwon suga ya cinye masa ido, kunne kaɗai ya rage masa. Wai wannan abin kukan akuya yake yi."

Na ɗora shi a kan dogo na danna maɓallin hon. Na ce, "Akuyar ma mai mura."

Na kwashi duk kukan jiragen da na tara na je gidansu. Na tarar da Gonda-san zaune a kan tabarma, ya ajiye tafin hannu a gefen dogon don ya ji wucewar jirgin. Na yi ta kunna masa ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai.

"Wannan na birni ne, sauri yake yi. Wannan kuwa direbansa matsoraci ne, ji yadda ya ɗage ƙafa." Ya matso kusa da ni. "Nawa da shaƙewa yake farawa, kamar mai gyaran murya, sannan ya buɗe. Murfin da muka sa masa don dusar ƙanƙara ne ya mayar da shi haka."

Na san jirgin nasa yana nan. Mutanen ƙauyen Kamisugi sun ajiye shi a tsohuwar tasharsu, kusa da gada, an cire injin amma ba a taɓa hon ɗin ba. Na nemi izinin dattawan ƙauyen, na kuma roƙi Oikawa mai faci ya zo da injin da yake ba taya iska, domin da iska hon ɗin yake aiki. Ranar Fusae-san ba ta bi mu ba, gwiwa ta matsa mata.

Da ƙyar muka hau da Gonda-san, amma yana zama a kujerar direba ƙafarsa ta sami matakin hon ba tare da lalube ba. Oikawa ya haɗa tiyo, iska ta cika, tsoho ya taka: gajere, sannan dogo. Tsuntsaye suka watse daga rufin tashar. Ni ina tsaye a bayansa da na'urar ɗaukar sauti.

Da na gama aikin na kai musu ɗan jirgin. Ya zagayo, Gonda-san ya danna. Ya karkatar da kai ya saurara har kukan ya ƙare.

"Shi ne," ya ce.

Fusae-san tana bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ce, "Ba shi ba ne."

"Ke tsohuwa, ni na tuƙa shi ko ke?"

"Kai ka tuƙa, ni na saurara." Ta ajiye tiren ta durƙusa a hankali. "Kurahashi-san, kada ka ji haushi, aikinka ya yi. Amma wannan ihu ne a cikin kunne. Gidan mahaifina yana tsallaken kogi, a jikin tsauni, can muka zauna bayan aurenmu har 'yarmu ta yi wayo. In ya fito daga gada ya taka hon, a hankali kukan yake isowa, sai kuma tsaunin baya ya maido shi. Sau biyu nake ji. Na biyun ya fi daɗi."

Gonda-san ya juyo da fuska wajen muryarta. "Sau biyu?"

"Au, ba ka sani ba?"

"Ina zan sani? Inji na ruri a ƙarƙashina." Ya shafa gwiwarsa. "Shekara da shekaru ina aika miki abu, ban san yadda yake isa ba."

Ba wanda ya sha shayin nan da zafinsa.

Muka sake komawa Kamisugi, wannan karon da ita. Na bar Gonda-san da Oikawa a jirgi, ni kuma na tsallaka da Fusae-san, tana dogara sanda, tana hutawa a kowace kwana. Gidan babu shi, sai matakalar dutse da ciyawa ta rufe. Ta nuna mini inda rijiyarsu take a da, ta ce a nan zan tsaya. Na kira Oikawa a waya na ce mun shirya.

Kukan ya taso daga ƙasa, siriri, ya ratso saman ruwa. Shaƙewar nan ta farko ma ba ta iso ba, hanya ta cinye ta. Ya ɗauke, sai ga shi ya dawo ta bayanmu, ya fi taushi, kamar wani ne yake amsawa daga cikin itatuwa. Na duba Fusae-san, na ga ta kai hannu tana gyara gashinta. Da ta lura ina kallonta ta sauke hannun, ta ce iska ce.

A dandamalin tashar na sa wa Gonda-san abin sauraro a kunne, na kunna masa abin da na ɗauka a tsallake. Ya ji, ya ce in maimaita. Ya sake ji. Sannan ya miƙa hannu yana lalube har ya kama hannun rigarta.

"Me kike yi in ya iso?"

"Wankin kayan lambu. Kada ka ɗauka jiranka nake yi."

"Kullum a daidai lokacin?"

"Kayan lambun ne ba sa ƙarewa," in ji ta. Oikawa ya juya baya yana naɗe tiyo, kafaɗunsa na motsi.

Na gaya wa Gonda-san ɗan jirgin zai iya ɗaukar duka biyun, na cikin jirgi da na tsallaken kogi. Ya ce a'a, in cire nasa, ya ji shi ya ƙoshi. Aikin ya ba ni wuya, domin ƙaramar lasifika ba ta son sauti mai laushi. Sai da na sake mata mazauni na cusa auduga a bayanta kafin amsawar tsaunin ta fito.

Ranar da na mayar musu da ɗan jirgin, 'yarsu Chizuru ta bugo waya daga birnin Sendai. Ba su gaya mata komai ba. Fusae-san ta kara wayar kusa da dogo, tsoho ya danna. Kukan ya fito, amsawar tsaunin ta biyo baya. Sai muka ji muryar Chizuru, tana dariya tana jan hanci, tana maimaita abin da take faɗa tana yarinya.

"Mama, Baba ya kusa isowa. A ɗora masa ruwan wanka."