Waldar Royce

"Sauko, Royce. Sikeli ya riga ya yi magana."

"Sikelin ne ya lalace, Baba."

Bai lalace ba, shi ma ya sani. Yana zaune ne a kan taraktarsu a bakin filin gasar jan nauyi, ranar bikin manoman gundumarsu a Ohio, mai awo yana girgiza kai. A gasar nan tarakta da direbanta tare ake aunawa, su kuwa sun haura nauyin da aka yanka wa ajinsu. Sun sauke duk ƙarafan da ake ratayawa a gaba. Duk da haka sun haura.

Bara firam ɗin, ƙarfen da ke ɗauke da inji da tayoyi, ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa a tsakiyar fili, jama'a na dariya. Shi ya sa ya ƙare hunturu a gareji. Ya tuɓe 'yar taraktar yankan ciyawar tsirara, ya liƙa wa firam ƙarfe mai kauri ciki da waje, ya gitta wani a inda sarƙa ke kamawa. Duk inda ya ji tsoro sai ya ƙara ƙarfe. Bai auna ba. Ga shi kuma shi kansa hunturun ya karɓe shi, ya yi ƙiba.

Mahaifinsa, Wendell, ya ce abu biyu ne: ko ya aro inji ya yanke ƙarfen da ya ƙara, ko ya bar wa ƙaninsa Nolan kujerar. Nolan ɗin na jingine da mota yana gaigayar masara, siriri kamar tsinke. Hunturu guda bai leƙa gareji ba sai in ya zo aron makullin mota.

"Ko ka yanke tumbin, ƙato," in ji Nolan. "Ya fi sauri."

Royce ya durƙusa ya shafa waldar da yatsa. Sumul take, ko ƙuraje babu. In ya yanke, zai hau, wataƙila kuma ta sake ninkewa da shi. In ya bari, za ta jure, amma wani ne a kai. Ya miƙe ya cilla wa Nolan hular kwano, da ƙarfin da ya fi na miƙa kaya.

Da aka sake awo har sai da aka mayar da ƙarafan gaba. Wendell ya daki kafaɗar Nolan, ya ce dama Allah ya yi shi don wannan kujera. Royce ya ji.

Aka ɗaura sarƙa. Abin da ake ja wata doguwar tirela ce, tana tafiya nauyinta na zamewa gaba, hancinta na ƙara nutsewa cikin ƙasa har tarakta ta kafe. Nolan ya saki kuloci. Gaba ya ɗaga, tayoyi suka yi ta watso ƙasa.

Royce bai dubi ƙaninsa ba. Idonsa na kan inda firam ya lanƙwashe bara. Ya ji yana jiran wani ƙara. Ya san ƙaran da yake jira.

Bai zo ba. Tarakta ta wuce inda ta mutu bara, ta wuce tutocin da aka kafa inda sauran suka tsaya, ta fice ƙarshen fili. Lasifika ta kira sunan Nolan, ta sake kira. Wendell ya ruga har hularsa ta faɗi. Mutane suka kewaye, wani yana bubbuga firam yana tambayar wa ya yi aikin. Wendell ya ce a gida suka yi.

Nolan ya kutso daga cikinsu da kofin gasar a hannu, yana haki yana dariya. Ya miƙa wa wansa ya riƙe. Royce bai fito da hannu daga aljihu ba. Dariyar Nolan ta ragu, ya dube shi sosai.

"Royce. Dama so ka yi ta karye?"